Macizai Uku A Bangon Sarki

Shafi na 17

Na ga saƙonninku duka, na gode. Ban iya amsa mutane da yawa ba, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Ga wanda bai fara da mu ba: muna ƙasar Masar ta dā, a ƙauyen ma'aikatan da ke gindin dalar Sarki. Sarki ya rasu. Gawarsa tana kwance cikin kanwa, sai ta cika kwana saba'in za a kai shi ɗakinsa a cikin dala. Dedet kuma yau kwana ashirin da dutse ya danne mijinta Imeni, masassaƙin rubutu.

* * *

Gurasa biyu ta kawo, da albasa ɗaya, da ruwa a ƙaramin tulu.

Ta ajiye su gaban dutsen kabarin, ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa, yadda take zama in yana cin abinci.

Dutsen bai wuce gwiwarta ba. Imeni da kansa ya sassaƙa shi watannin baya, da wani guntu da aka yar a wurin aiki. Har faɗa ta yi masa a lokacin, wai mutum da ƙuruciyarsa yana gyaran kabari. Dariya ya yi ya ce, "In na bar wa abokan aikina, a karkace za su rubuta mini suna."

"Imeni," ta ce.

Ta ɗan jira, kamar za a amsa.

"Imeni, ga gurasa. Ba ta gasu sosai ba, kar ka yi mita. Sai da kowace ta gama nata aka bar mini tanderu, wuta ta riga ta mutu."

Babu kowa a maƙabartar. Daga kan tudun tana hango dala, fara fat, da mutane ƙanana kamar tururuwa a gindinta.

"Yau ma ba wadda ta gaishe ni a bakin rijiya. In na zo sai su matsa, kamar ina ɗauke da ƙazwa. Kwana uku ke nan."

Kwana uku da suka wuce ne Mai Karatu ya shiga ɗakin Sarki da fitila. Shi ne wanda zai karanta addu'o'i a kan gawa ranar binnewa. Ya bi rubutun bango layi-layi, sai a bangon arewa, daidai inda kan Sarki zai kwanta, ya tarar da macizai uku da wuyansu a haɗe.

Kowa a ƙauyen ya san doka. Abin da aka sassaƙa a ɗakin matacce yana tashi da rai. Gurasa a bango gurasa ce, Sarki zai ci. Maciji a bango kuwa maciji ne. Kuma ba yadda za a yi a rubuta addu'a babu shi, domin duk inda aka ce "nasa", bakinsa, idonsa, sunansa, ɗan maciji mai ƙaho ake sawa. Shi ya sa kowane ɗaya sai an sare masa wuya. A karanta shi, amma kada ya yi motsi.

An sare ukun nan a take. Amma sun riga sun kwana goma sha bakwai da rai a ɗakin Sarki, kuma magana ta kai kunnen ɗan Sarki.

Bangon arewa kuwa na Imeni ne.

Haki ta ji a bayanta. Gwaggo Nebet ce, ƙanwar babanta, tana hawowa tana dafa gwiwa.

"Ke dai ba kya gajiya da hawan tudu. Ni in na sake hawowa, sai dai a bar ni a nan gaba ɗaya, a huta da ɗauko ni."

"Sannu Gwaggo."

"Riƙe sannunki, ba ni ruwa."

Dedet ta dubi tulun.

"Nasa ne."

"Au." Gwaggo ta zauna a kan wani dutse, ta juya wa kabarin baya. "Kin kawo wa... kin kawo masa abinci."

"Imeni, Gwaggo. Sunansa Imeni."

"Ke, rufa mini asiri! Rage murya."

"Da bakinki kike ce masa ɗana. Shi ya gyara miki dutsen niƙa."

Gwaggo ta kama bakin zanenta tana murzawa.

"An yanke magana," ta ce can. "Gobe da hantsi za su zo."

"Su yi me?"

"Kin sani."

"Ina so na ji."

"Za su goge sunan. Daga gobe kuma duk wanda ya ambace shi, bulala."

Dedet ta ɗora hannu a kan dutsen. Rana ta gasa shi, ɗumi ne da shi kamar jikin mutum.

Wanda aka goge wa suna, ko an kawo gurasa ba ta san wurin wa za ta je ba. In ransa ya fita shan iska da safe, da yamma ba zai gane ƙofarsa ba. In masu gadin Yamma, ƙasar matattu, suka tambaye shi, kai wane ne, zai buɗe baki ya rasa abin faɗa. Ba su da ɗa, ba su da 'ya. Ita kaɗai ce mai kiransa a duniya.

"Wa zai goge?"

"Kin san al'ada. Wanda ya koya masa riƙe kurfin sassaƙa."

"Baba?"

"Babanki." Gwaggo ta miƙe da ƙyar. "Dedet, ki bari a yi. Don girman uwarki da ke kwance can ƙasa, ki bari a yi a wuce wurin. Kar ki tona komai."

"Me zan tona?"

Gwaggo ta fara gangarawa, ba ta waiwayo ba.

* * *

Ba ta taɓa shiga rumfar masassaƙa ba. Ko abinci za ta kai wa Imeni, daga nesa take tsayawa sai ya hango ta.

Yau ta shiga.

Tsakar rana ce, suna zaune suna cin gurasa da busasshen kifi, kowa fari fat da ƙurar dutse. Ganinta hira ta tsaya.

Senebi, shugabansu, ya ɗago kai. Ƙaton mutum ne, wuyansa kamar na bijimi.

"'Yar Anku. Kin ɓata hanya ne? Rijiya tana can."

Ta durƙusa ta kwance ƙunshin da ta zo da shi. Guntayen duwatsu ne, waɗanda Imeni yake gwada hannu a kansu a gida.

"Ranka ya daɗe, ka duba."

"Na duba. Macizai ne."

"Ka duba wuyan."

"An sare, to sai me?"

"Ba a sare ba." Ta nuna masa da yatsa. "Ba a taɓa haɗa shi ba. Ku kuna yin maciji cikakke, sannan ku dawo ku sare wuyan. Shi kai yake fara yi, ya tsallake wuri kamar faɗin ƙwayar hatsi, sannan ya yi jikin. Shafa ka ji, babu sara. Tun da maciji ya kashe ƙanwarsa suna yara, ya ce ko na numfashi ɗaya ba zai bar maciji da rai a hannunsa ba."

Wani daga baya ya yi dariya.

"Gaskiyarta ne fa. Ai shi ya sa muke ce masa Matsoracin Dutse. Har mukan ce, kai, tsaya ya fito daga bango tukuna ka gudu..."

Senebi ya harare shi. Mutumin ya cusa gurasa a baki.

"Tashi," Senebi ya ce mata. "Biyo ni."

Ya kai ta bayan wani tulin duwatsu, inda ba mai jin su.

"Kina tsammanin ban sani ba? Shekara tara ina duba aikinsa. Ko a duhu na san macijinsa."

"To me ya sa ka bari?"

"Don ina da hankali."

"Ranka ya daɗe, gobe za a..."

"Saurara. Mutum biyu ne a bangon arewa. Ɗaya ya riga ya tafi Yamma, bulala ba ta isa can. Ɗayan yana nan da bayansa da hannunsa. Kin san abin da ake yi wa mai rai? A sare masa hannun dama, a tura shi fasa dutse a hamada. Tsoho ba ya kai wata guda. Can kuma ba a binne mutum, diloli ake bar wa."

"Wane ne na biyun?"

Kallonta kawai ya yi.

"A'a," ta ce. "Baba shekara arba'in yana aikin nan. Bai taɓa kuskure ba. Kai ma shi ya koya maka."

"Shi ya koya mini, shi ya sa na yi shiru."

"Ƙarya ne."

Ba ta san ta faɗa ba sai da ta fito. Ta toshe baki da hannu. Senebi bai yi fushi ba, ajiyar zuciya ya yi.

"Je ki gida, ki ba shi ruwa. Amma kar ki yi magana lokacin da kike miƙa masa. Ki tsaya shiru kawai."

"Don me?"

"Ki kwashe duwatsunki kuma, ki zuba su a Kogi. In Mai Karatu ya gan su, ni ba ruwana."

* * *

Rana ta karkata lokacin da ta isa gida.

Baba Anku yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa kurfi a kan dutse. Tun ranar da Imeni ya rasu ya ce bayansa yana ciwo, ba zai iya shiga dala ba, aka bar shi da wasa kayan aiki.

Ta cire takalmi tun daga waje. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta zo ta gefen hagunsa, ta miƙa.

Ba ta ce komai ba.

Ya ci gaba da wasa kurfi. Ya gwada kaifin da babban yatsa. Ya ɗago kai ya dubi wajen ƙofar gida, kamar mai jiran wani. Idonsa ya wuce ta kanta, ya wuce ta kan ƙoƙon, ya koma kan aikinsa.

Sai ta kira shi.

"Baba."

Ya zabura.

"Af, 'yar nan! Kin dawo? Kina tafiya kamar kyanwa."

"Ga ruwa."

Ya miƙa hannu. Hannun ya wuce ta gefe, ya dawo da sauri ya bugi ƙoƙon. Ruwa ya zube a ƙafarsa.

Ƙoƙon ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Me fa? Hannuna ne ya gaji, tun safe nake..."

"Baba, tun yaushe?"

Ya ajiye kurfin a hankali.

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙoƙo."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya share fuska da tafin hannu.

"Tun ambaliyar bara waccan. Da farko kamar an rufa mini farin ƙyalle. Yanzu haske kawai nake gani da duhu. Ƙauyen nan ƙafata ta san shi. Gidan nan kuma ba kya sauya wa kaya wuri."

"Imeni ya sani?"

"Shi ya fara ganewa, tun kafin ni na yarda. Yakan riga kowa shiga, ya bi zanen da tsinin ƙarfe ya karce mini shi, yatsana ya bi. Hannu ai ya san hanya. Amma saran wuya sai da ido. Ka kauce kaɗan, ka ɓata harafin da ke kusa. To sai in yi macizaina cikakku, shi kuma kafin a tashi ya bi bayana ya sassare."

"Kullum?"

"Kullum."

"Shi ya sa yake dawowa a makare. Ni ina ta yi masa faɗa, wai hira yake tsayawa."

"Ya ce gara ki yi masa faɗa. In aka sani za a sallame ni, kuma gidan nan na aiki ne. Ina za ni? Na ce masa sai an gama ɗakin Sarki, sai in ce na tsufa."

Dedet ta zauna a ƙasa, nesa da shi.

"Ranar fa? Me ya sa bai sare ukun nan ba?"

Baba Anku ya kawar da kai.

"Kar ki tambaye ni wannan."

"Na riga na tambaya."

"Dedet..."

"Gobe da hannunka za ka goge shi. Ka gaya mini."

Ya sunkuyar da kai.

"Ya sare na ranar duka. Ya gama, aka kira shi ɗaya ɗakin. Ni kuma ina zaune, hannuna yana ƙaiƙayi, ga layi ɗaya da ya karce mini don gobe. Na ce bari in rage masa aiki."

Ya shafa kurfin da ke gefensa.

"Ya riga ya fito, Dedet. Ya fito waje. Har ya wanke hannu. Yana ta ce wa mutane yau matarsa za ta dafa kifi da tafarnuwa, kowa ya kama gabansa, ba ya gayyata. A bakin ƙofar dala na kama hannunsa, na raɗa masa, na ƙara layi ɗaya, akwai uku a ciki."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, haba Baba, kai dai ba ka son a ci kifi da zafi. Ya karɓi fitila ya koma."

Ta san sauran. Kowa ya sani. Ƙaton dutsen da aka rataye a saman hanya, wanda za a sauke a toshe ƙofa bayan an binne Sarki, igiyarsa ta tsinke. Abin da ba wanda ya iya gaya mata shi ne, me ya mayar da Imeni ciki bayan an tashi aiki.

Kwana ashirin tana tambayar dutse.

Ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, ya ƙi zuwa.

"Kifin yana kan wuta aka zo aka gaya mini," ta ce.

"Na sani."

"Kai ka wanke shi. Kai ka riƙe ni a bakin kabari. Kwana ashirin kana cin abincin hannuna, ina zaune a nan ina cewa, ko me ya manta a ciki? Kana ji."

"Ina ji."

"Me ya hana ka koma ka sare su?"

"Da wane ido? Sau biyu na shiga, na ce na manta guduma. Na shafa bangon nan har yatsuna suka yi jini. Macizai sun fi ɗari, na kasa gane layin. Wa zan ce ya taya ni?"

"Ni. Da ka gaya mini."

"In gaya miki ni na aike shi?"

Wata mata ta wuce ta ƙofar gida da tulu a ka. Ta leƙo, ta ga su, ta ƙara sauri.

Baba Anku ya lalubi wajen da muryarta take, ya miƙa hannu. Ba ta matso ba. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya koma kan cinyarsa.

"Ki faɗa musu gobe," ya ce. "Ba zan hana ki ba. Ba zan musa ba."

"Kai ka faɗa."

"Na gwada. Jiya har ƙofar Mai Karatu na je. Na tsaya, na tsaya, na dawo."

"Me ya dawo da kai?"

"Tsoro."

Ba ta taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

"Ba hannun nake ji ba, me ya rage masa? Hamadar nake tsoro. In mutu a can, babu kabari, babu dutse, babu mai zuba mini ruwa. Uwarki tana jirana shekara goma sha shida. Na sassaƙa wurina kusa da nata. In aka yar da ni a can, ta ina zan same ta?"

"Shi fa?" Muryarta ta tashi. "Shi ta ina zan same shi? In na je Yamma na ce ina Imeni, a ce mini ba a san mai wannan suna ba?"

Ta dafa ƙirjinta.

"Ka ɗora mini, Baba. Kai ka yi, shi ya mutu, ni kuka bar wa zaɓi."

"Ki yafe mini."

"Ban sani ba."

Ta tashi ta ɗauki ƙoƙon daga ƙasa. Ta sake ɗebo ruwa. Wannan karon ta kama hannunsa ta sa masa a ciki, ta shige ɗaki.

Ranar ba a hura wuta a gidan ba.

* * *

Gari na wayewa ta hau tudu.

Ta zauna gaban dutsen tana kiran sunan a hankali, tana maimaitawa, kamar mai cika tulu kafin rijiya ta ƙafe.

Da hantsi suka iso. Mai Karatu a gaba, kansa a aske tas, da farin lilin da naɗaɗɗiyar takarda a hannu. Senebi a bayansa. Bayan Senebi kuma Baba Anku, da kurfi da guduma.

Yanzu ta ga abin da ba ta gani a da. Kansa a karkace yake tafiya, yana bin ƙarar takalmin Senebi da kunne.

Mutanen ƙauye suka tsaya daga nesa. Gwaggo Nebet kaɗai ta matso, ta kama hannun Dedet ta janye ta gefe.

"Ki tuna abin da na gaya miki," ta raɗa. "Yayana ne. Ubanki ne."

Mai Karatu ya warware takarda ya karanta laifin, bai ambaci sunan ba. "Wancan," yake cewa. "Wancan da ya bar abokan gaba uku a kan Sarki."

Ya naɗe takardar, ya dubi jama'a.

"Akwai mai magana kafin a ɗaga guduma?"

Dedet ta buɗe baki.

Farcen Gwaggo ya nutse a hannunta. Senebi ya kafa ido a ƙasa. Babanta yana tsaye, fuskarsa a wajen da ba kowa.

Ta dubi hannunsa na dama.

Ta rufe bakin.

"To," in ji Mai Karatu. "Anku, kai ka ba shi kurfi. Karɓe abinka."

Senebi ya ɗan taɓa kafaɗarsa, kamar mai ba da haƙuri, ya juya shi daidai saitin dutsen. Baba Anku ya durƙusa. Ya miƙa yatsu zai shafa.

"Ɗauke hannunka!" Mai Karatu ya daka masa tsawa. "Ka tsufa a aikin nan ba ka san ba a taɓa la'anannen suna da fata ba? Da ƙarfe kawai."

Yatsun suka janye.

A jikin dutsen mutum biyu ne a zaune, miji da mata, kowanne da sunansa a saman kansa. Duk duwatsun maƙabartar nan miji ne a dama, mata a hagu. Haka aka saba tun kakanni.

Ban da wannan.

Imeni ita ya sa a dama. Da ta ce masa mutane za su yi dariya, sai ya ce, "Su yi mana. A gida ma wa yake ba da umarni?" Ba ta iya karatu ba, amma ya nuna mata nata: hannu, hannu, da 'yar gurasa. Dedet.

Babanta bai taɓa ganin dutsen nan ba.

Ya ɗaga kurfi, ya auna tsayin da hannun da ya yi shekara arba'in yana aunawa, ya kafa shi a dama, inda sunan namiji yake zama.

Senebi ya ɗago kai. Idonsa ya fito.

"Anku..."

Guduma ta sauka.

Ƙwas!

Guntun dutse ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafar Dedet. Ɗan hannu ne a jikinsa, da yatsunsa a miƙe.

Wata mata ta yi salati irin nasu daga nesa, "Wayyo, sunan mai rai!"

Baba Anku ya sake ɗaga guduma.

"Dakata."

Mai Karatu bai ɗaga murya ba. Ya tako a hankali, ya sunkuya ya dubi dutsen, ya dubi tsohon. Ya wuce da takardarsa ta gaban fuskarsa, sau ɗaya, sau biyu.

Idon bai ƙifta ba.

"Anku. Karanta mini sunan da ke ƙarƙashin kurfinka."

Baba Anku ya sauke guduma.

"Wa kuma ya yi aiki a bangon arewa, Senebi?"

Senebi ya mayar da ido ƙasa.

Mai Karatu ya miƙe. Ya juya a hankali har idonsa ya tsaya a kan Dedet.

"Ke, 'yarsa. Ɗazu na ga kin buɗe baki kin rufe."

Gwaggo ta saki hannunta.

"Buɗe shi yanzu."